Yawu a Kan Dutse

Litinin, 3 ga Maris

An haɗa ni ofis da sabon Dakta, wanda ɗalibai ke kira Lasau. Yau na ga dalili. Ya ɗauki dutsen bincike, ya kai baki, ya lashe, sannan ya sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Mutum da digirinsa. Fita na yi shan iska.

Talata, 4 ga Maris

Burbushin tsohuwar halittar da nake aiki a kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba, kuma tun zamanin Kambiriya, sama da shekara miliyan ɗari biyar, yake kwance cikin dutsensa. Ina zaton ƙwanson kakannin dodon-koɗi ne. Farfesan sashenmu ya ce bututun tsutsa ne kawai, ya kuma yanke cewa ranar Juma'a duwatsun duka za su shiga asid. Bututun yana jure asid. Ƙwanso irin wanda nake zato narkewa yake yi. Wato idan ni ke da gaskiya, hujjata ce za ta narke. Mafita ɗaya: in nuna masa layukan girman ƙwanson kafin ranar.

Laraba, 5 ga Maris

Na ɗiga wa dutsen ruwa don layukan su fito. Ƙyalli ya rufe komai, kafin in daidaita madubi ya bushe. Shafa mai kuwa an hana.

Lasau ya miƙo hannu: "Yallaɓai, kawo in gaisa da shi mana. Yawu ya fi ruwa zama." Na tura dutsen aljihun tebur, na kulle. Ya yi dariya, ga yashi a haƙoransa.

Kofin shayina na mayar gida.

Alhamis, 6 ga Maris

Abincin rana ya ƙi shiga. Maiɗakina ta ce, "Baban yara, kai da ke sake wanke cokalin da na wanke? Allah Ya haɗa ka da daidai kai." Ban ga abin dariya ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Da safe Lasau ya tafi aji. Ba kowa a ofis. An riga an jera kwanonin asid.

Layukan suna nan, siri-siri, suna zagaye ƙwanson har tsininsa. Farfesa ya daɗe a kan madubi, sannan ya ce a ware wannan. Ya tambayi abin da na jiƙa shi da shi. Na ce hanya ce sananniya a fagenmu.

Na kurkure baki har dasashina ya yi zafi.

Asabar, 8 ga Maris

Ɗanɗanon kamar alli, da ɗan gishiri daga baya.

Akwai wani dutsen a aljihun tebur da ban taɓa gamsuwa da shi ba. Lasau yana da aji ranar Litinin.