Katakon Ƙarƙashin Feda

Litinin, 3 ga Maris

Yatsana na huɗu na hannun dama ya sake yi mini gardama. Na ce ya ɗaga, ya kwanta a kan maɓallin fiyano kamar ya samu katifa. Sauti biyu suka manne da juna. Ba kowa a ajin, Allah ya rufa asiri.

Laraba, 5 ga Maris

Shekara ashirin da shida ina koyar da fiyano a makarantar nan, kuma da abu ɗaya aka san ni: guntun katakon da nake cusawa ƙarƙashin fedar dama don kada ɗalibi ya taka. Fedar nan jan sauti take yi ya yi tsawo har ya rufe na gabansa, to a nan malalaci yake ɓuya. Ni kuwa sitakato nake so in ji, a taɓa a saki, kowane sauti ya tsaya da ƙafarsa kamar kaza na tsattsagar hatsi a faranti. Malam Katako suke ce mini a bayan idona. Suna tsammanin ban sani ba.

Ranar 29 ni zan buɗe wasan ƙarshen zango, kamar kullum. Kiɗan shafi huɗu ne, kusan duk sitakato. Da kaina na zaɓa, tsabar iyayi.

Talata, 11 ga Maris

Asibiti. Likita ya sa in taɓa babban yatsana da sauran, ɗaya bayan ɗaya, da sauri. Wasan yara. Na kasa.

“Jijiya ce, Baba. Za mu rage wa ciwon gudu, amma ba ya komawa baya.”

Ban gaya wa kowa ba. Tsoro nake ji.

Juma'a, 14 ga Maris

Na kulle ƙofar aji, na zare katakon na jefa a aljihun tebur, na taka feda. Wallahi daɗi. Duk ɓarnar ta nutse, ba ka jin inda yatsan ya maƙale. Sai da na gama kunya ta rufe ni.

Alhamis, 20 ga Maris

Mai Saiti ya zo ɗaure wayoyin fiyano. Sa'ana ne, bakinsa ba linzami. Ya sunkuya ya leƙa ƙasa.

“Mutumina, ina sandar mulkin?”

Na ce gara ta cinye.

“Garar nan ta iya zaɓe,” in ji shi, idonsa a kan hannuna. Na tura hannun aljihu. Ya gama aikinsa ba ko tsokana ɗaya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Litinin, 24 ga Maris

Na manta ban kulle ƙofa ba. Da na gama bugawa da feda sai ga Caɓi a tsaye.

Ita ke koyar da 'yan ajin farko yanzu. Tana da shekara goma sha biyu na laƙa mata sunan, don kiɗanta a caɓe yake fita, sauti kan sauti. Sau nawa na sa ta kuka, ban ƙirga ba. Shekara uku ta yi da katako. Sunan ya bi ta har yau, Shugaban makaranta ma da shi yake kiranta.

Na ce, “Me kika ji?”

“Ya yi daɗi, Malam.”

“Daɗi na tambaye ki?”

Ta sunkuyar da kai. “Layi na uku sauti shida ne. Huɗu na ji. Feda ta haɗiye sauran.”

Na ce ta fice mini daga aji. Ni na wasa kunnen nan, yau ni ya yanka.

Laraba, 26 ga Maris

In na taka feda ranar wasa, iyaye ba za su gane ba, tafi za su yi. Amma ɗalibaina goma sha tara a layin gaba suke zama, daidai inda ake ganin ƙafata.

Alhamis, 27 ga Maris

Na mayar da katakon. Sau goma sha ɗaya na buga. Ko ɗaya bai fita da tsabta ba.

Asabar, 29 ga Maris

Caɓi ce ta buɗe wasan, da kiɗan da na zaɓa. Jiya na ce wa Shugaba mura nake yi, ya dube ni, bai ji ko tari ba, ya ce to.

A kujerar ƙarshe na zauna. Ƙafarta a ƙasa tun daga farko har ƙarshe, ba ta ko kusanci feda ba. Layi na uku na ƙirga: shida, tas. Hannuna na binta a kan gwiwata, na huɗun yana zuwa a makare. Mai Saiti ya miƙo mini hankici, na ce ya riƙe abinsa, mura ce.

Litinin, 31 ga Maris

Na kai katakon ajinta na ajiye a kan fiyano. Tare mini wuri yake yi, shi ke nan.

Na gaya mata ta yi gaggawa a shafi na uku. Ta ce gobe za ta zo ta buga in saurara. Har ta kai ƙofa na tuna ban faɗi lokaci ba, sai na kira ta da sunanta na gaskiya. Ba ta waiwayo ba. Sai da na maimaita.