Dutsen Ƙofar Ithel

Nant Gwyn,
Afrilu, 1879

Zuwa ga masu girma dattawan majami'armu,

Gaisuwa da ladabi, tare da fatan kuna lafiya, kuma tarin Dattijo Prydderch ya yi sauƙi. Ni ne Ithel Rowlands, mai tsaron ƙofar majami'a shekara goma sha tara ba fashi, wanda ya koyi rubutu bara a makarantar Lahadi. Da hannuna na rubuta wannan, ba wanda ya taya ni.

Bayan haka, kun san marigayiya Lowri Gwalchmai. Takan ce Gwalchmai, sunan zuriyar mijinta, tsohon suna ne, shaho yake nufi, daga tsibirin Môn ya zo. Masu shi sun watse, wasu Amurka, wasu ƙasa ta rufe. A kwarin nan ɗanta Rhisiart ne na ƙarshe, ya rasu yana ɗan shekara huɗu.

Shekarar da ambaliya ta rushe tsohuwar maƙabarta, Lowri tana aikatau a Liverpool. Na tsinci wani faffaɗan dutse a bakin rafi. Na ga zane-zane a jikinsa, amma lokacin ni jahili ne. Na kife shi, na yi matakin ƙofar gidana da shi.

Kowace Lahadin Furanni, ranar da muke gyara kaburbura, Lowri kan hau tudun maƙabartar neman dutsen kabarin ɗanta, ta rasa. In ta sauko, a matakin ƙofata take zama ta huta. Nakan zolaye ta: “Uwa, yau ma shahon ya tashi?” Ta ce, “Kai dai ba ni ruwa, Ithel mai baki.” Sai ta ajiye furanninta, ɗaure da jan zare, inda ta zauna, wai ba ta komawa gida da su. Shekara ashirin ke nan.

Da hunturun nan ta rasu, aka binne ta ba dutse. Lahadin da ta wuce, wato Lahadin Furanni, muka dawo daga majami'a da tsakar rana, muka tarar da furanni a kan matakin, ɗaure da jan zare. Matata Sioned ta ce, “Ɗaga dutsen nan, tunda ka zama malami.” Muka ɗaga. Ni na karanta wa waɗanda ke wurin, harafi bayan harafi, kuma ban yi kuskure ba: Rhisiart Gwalchmai.

Tun ranar ba wanda ya bi ta ƙofar nan, ta baya muke fita.

Ina roƙon izini in kai dutsen kabarin uwar, tunda na ɗan ya ɓace. In kun ga ban cancanci riƙe makullin majami'a ba, yana rataye a ƙusarsa.

Waɗanda suka gani su ne Sioned, da Elis maƙeri, da Cadi mai madara. Ba su iya rubutu ba, sun yi alamarsu a ƙasa. Wadda ta fi mu sani tana kabarinta, ba ni da ikon kiranta shaida.

Naku mai biyayya,
Ithel Rowlands