Ɓerayen Hajaru Masu Asali

Zuwa ga ɗiyata Hajaru. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya a ƙasar sanyin da kike.

Saƙonki ya iso Gwandu, cewa za ki ajiye bincikenki ki dawo ki zauna da ni saboda idona da ke dushewa. Saurara tukuna.

Kin tuna zuwanki hutu, shekarar da ruwa ya cinye shinkafar Kalgo? Na ji an ce aikinki da ɓeraye ne, sai na ce ɗiyata ba za ta sayi abin da muke da shi a banza ba. Na je Diggi, muka tone gindin rumbun aminina, na cika kwando da su, har da gafiya guda don girmamawa.

Kika yi dariya har ɗankwalinki ya zame. Kika ce, "Baba, nawa masu asali ne, an san kakanninsu fiye da yadda ka san naka." Ni da nake jero kakannina har mutane su gaji!

Sannan kika ɗauki kara kika zana mini a ƙasa. Kika ce jikin mutum gari ne mai unguwanni, kuma akwai ƙwayoyin gado da ke yin shela idan cuta ta shigo, su tashi mayaƙan jiki. Aikinki gano unguwar kowane mai shela, a jikin mutum da na ɓera. Abin da ya ɗauki hankalina, kika ce waɗanda ke maƙwabtaka a jikinmu, a jikin ɓera ma katangarsu ɗaya, ko da unguwar ta sauya. Na ce ai kamar danginmu da suka koma Kalgo, suka sake gina gidajensu jere yadda suka baro su.

Ranar na gane ba wasa kike ba. Zazzaɓin da ya ɗauke mahaifiyarki, ba wanda ya iya gaya mana me ya hana jikinta tashi ya yi faɗa. Ke ce kika tafi tambaya.

To, Hajaru, kada ki dawo don ni. Hanyar masallaci ƙafata ta haddace ta, gwaggonki kuma tana dafa mini, tana yi mini faɗa kyauta. Kewarki kam ina yi, ba zan ɓoye ba. Amma na fi son in jure ta da in ji kin bar tambayar nan a rabi.

Allah ya buɗa miki abin da ya ɓoye, ya tsare ki, ya jiƙan mahaifiyarki.

Naki, tsohon da ke alfahari da ke,
Babanki.