Burodin da Ba a Buga wa Hatimi Ba

Torino,
watan Nuwamba.

Zuwa ga yayana Eustachio,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Rosaria da yara gaba ɗaya. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan da ka ce yana hana ka sunkuyawa a lambu, ya kuma raba ka da taurin kan da ke hana ka zuwa asibiti. Mu nan lafiya lau muke. Sanyi ya fara shigowa, maigidana Gaetano ya ciro tsohuwar rigar nan tasa da na yi rantsuwa sai na ƙone ta, 'yarmu Ilaria kuma ta samu aikin da take nema a kantin magani. Mama tana cin abincinta, tana shan maganin hawan jini a kan lokaci, ƙafafun ne dai sai a hankali. Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali ga waya a hannu. Na sha ɗaukar wayar in kira ka, sai in ajiye, domin abin da ke cikina idan na fara shi da baki kuka zai riga ni, kai kuma na san halinka, za ka ce in yi sauri kana kan hanya.

Yaya, ɓarna na yi, kuma Mama na yi wa. Ka san tun muna yara ba a ambaton Matera, garinsu Mama, a gidanmu. Idan maƙwabta suka tambayi Mama daga ina take, sai ta ce daga kudu, ta canza zance. Ka girme ni, ka fi ni tuna lokacin da masu gidajen haya ke ƙin ba mutanenmu na kudu ɗaki, da yadda ta koyi murɗe harshenta a kasuwa don kada a gane ta. To yanzu duniya ta juya. Garin da a da ake kira abin kunyar Italiya shi ne ake nunawa a talabijin, abokan aikina suna zuwa hutu suna dawowa da hotuna suna cewa ba su taɓa ganin wuri irinsa ba. Ni da nake ɓoye sunan garin a makaranta, sai ga ni ina bugun ƙirji ina cewa ai uwata 'yar can ce. Da ranar haihuwarta ta matso, sai na ƙudura zan kai ta. Na san idan na faɗa mata ba za ta yarda ba, don haka na ce mata garin Bari za mu, can bakin teku, likita ya ce iskar teku za ta yi wa ƙirjinta amfani. Gaetano ya ja mini kunne, wai tsohuwar da ta rufe ƙofa shekara da shekaru ba mantawa ta yi da inda makulli yake ba. Na ce masa ya je ya ji da ƙwallonsa, uwata ce, na fi shi saninta.

Mun sauka Bari lafiya, muka shiga mota. Tafiya ba ta yi nisa ba ta gane, tun daga ƙasar nan mai fari da tsaunuka marasa itace. Ta ƙanƙame jakarta a cinya, ta ce da ni, "Bruna, wannan ba hanyar teku ba ce." Na yi dariya na rungume ta na ce barka da ranar haihuwa. Ta juya fuskarta wajen taga, ni kuma na ɗauka murna ce. Ba zan yi maka ƙarya ba, garin yana da kyau. Gida bisa gida an fafe su cikin dutse, rufin wani shi ne titin wani, ga coci-coci a jikin kwazazzabo, da yamma rana ta mai da komai ruwan zuma. Masaukin da na kama mana kogo ne da aka gyara, da fararen zannuwa da kyandir ko'ina. A can ƙurya akwai wani kwami na dutse an cika shi da ruwa an watsa furanni. Mama ta tsaya tana kallonsa, ta tambayi yarinyar da ta rako mu ina suka kai alfadarin da ke cin abinci a ciki. Yarinyar ta yi murmushin ladabi don ba ta gane ba. Da ta fita Mama ta dube ni ta ce, ashe kuɗi na biya don ta kwana a wurin alfadari, lallai boko ya yi rana. Na ƙyalƙyale da dariya, har hoto na ɗauke ta a gefen kwamin, tana sanye da kwat ɗinta da ta ƙi cirewa.

Da safe na ja ta muka bi ayarin masu yawon buɗe ido. Wata budurwa mai rawayar lema ce ke yi mana jagora, ga Jamusawa, ga wasu mata 'yan Milano masu manyan tabarau. Ta shigar da mu wani kogo da aka bari yadda yake a da don a riƙa kallo: dogon gadon nan da kaji ke kwana a ƙarƙashinsa, tukunyar tagulla, aljihun kabad da ake kwantar da jariri a ciki, har da alfadarin roba a ƙurya. Ta ce a wancan zamanin kusan rabin jarirai ba sa rayuwa. Sai ɗaya daga cikin matan ta toshe hanci, alhali babu warin komai, ta ce wai ta yaya ɗan Adam zai zauna haka kamar dabba. Ka san bakina ba shi da linzami. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa kare mutanenmu na tashi yi, amma tun da gaskiya na zauna in rubuta maka, so nake a kalle ni. Na kamo hannun Mama na jawo ta tsakiya, na ɗaga murya na ce ga ɗaya daga cikinsu nan da ranta, a irin wannan kogon aka haifi uwata. Yaya, tafi suka yi. Wayoyi suka tashi sama ta ko'ina. Wani dogon mutum ya roƙi ta matsa kusa da alfadarin don hoton ya fi kyau, wata kuma ta tambaye ta ko ita ma a aljihun kabad ta kwana. Na juya ina murmushi in ga yadda take jin daɗi, sai na ga fuskar da ban taɓa gani ba. Ba fushi ba ne, da fushi ne da na ji sauƙi. Sunkuyar da kai ta yi tana gyara maɓallin kwat ɗinta, kamar yarinyar da aka tsayar gaban aji.

Ta zare hannunta ta fita. Matar da ba ta iya hawa benen gidanmu sai an riƙe ta, ita ce ta dinga sauka matakalan dutsen nan ba ta ko duban ƙasa, tana kwana a lunguna, ni ina biye da taswira a hannu ina haki ina kiran sunanta. Ta tsaya a wani ɗan tsakar gida da ƙofofi suka kewaye. Ɗaya ƙofar an shafa mata koren fenti, an maƙala ɗan akwatin makulli na masu haya a gefe. Ta zauna a kan dakalin da ke wurin, ta ce nan ne gidansu. Na zauna kusa da ita. Sai ta ce tana da ƙane, sunansa Eustachio. Na ce Eustachio ai ɗanki ne. Ta ce kafin ɗanta akwai ƙanenta, bai kai ga yin tafiya ba zazzaɓi ya ɗauke shi a cikin ɗakin nan, ita ke goyonsa. Yaya, kai da muke zaton sunan waliyyin gari aka sa maka, ashe sunan yaron nan kake ɗauke da shi, ba ta taɓa gaya wa ko ɗayanmu ba.

Ta ce ya rasu ne ranar gashin burodinsu. An riga an kwaɓa ƙullin tun kafin jikinsa ya rikice, kuma tanderun unguwa ba ya jiran mai makoki, idan layinku ya wuce kun kwana bakwai ba abin ci. Kakarmu tana riƙe da gawa, sai ta ɗora wa Mama katakon ƙullin a ka, ta sa mata hatimi a aljihu. Ta ce kowane gida da hatiminsa na itace mai haruffan maigida, ana danna shi a jikin ƙulli don a gane na kowa idan an fito da shi. Mama tana 'yar ƙarama, idonta ya rufe da kuka, ta miƙa ƙullin ta manta ba ta buga ba. Sai da ta dawo ɗauka ta ji hatimin a aljihunta. Ta ce ga mata cike da wurin, ga burodi jere iri ɗaya, ta ga ta jawo wa gidansu yunwa a kan mutuwa, kuma za a yi ta yi da ita a unguwa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Matan nan kowacce ta duba nata ta ɗauka ta wuce ta gefenta, ba wadda ta kalle ta, ba wadda ta tambayi na wane ne wannan marar alama. Da suka watse sai ga nasu shi kaɗai a kan katako, mai tanderu ya ɗora mata a ka ya ce ta gaida gida. Har suka bar unguwar ba wanda ya taɓa tayar da zancen, kakarmu ma ta rasu ba ta sani ba.

Da ta gama sai ta share bakinta da hankici ta ce, "Mutanen nan da aka ce suna zama kamar dabbobi, duk sun san ni ce, amma ba wadda ta nuna ni da yatsa. Sai 'yar da na haifa." Wallahi Yaya, da mari ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa a kan dutsen ina ba ta haƙuri, ta ce in tashi kada wani ya ɗauke ni hoto. Garin neman gira na rasa ido. A ranar muka haɗa kayanmu, sauran kwanakin a Bari muka yi su, tana zaune tana kallon tekun da na yi mata alkawari tun farko.

Tun da muka dawo ba ta yi mini faɗa ba, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Idan na je da cefane sai ta ce sannu da zuwa 'yar yawon buɗe ido, ta karɓa ta gode mini kamar baƙuwa. Na goge hotunan duka, amma magana zarar bunu ce, kuma waɗanda ke cikin wayoyin mutane ban san ƙasar da suka kai ba. Gaetano bai ce ai na gaya miki ba, sai dai yana yawan yin tari idan na shigo ɗaki. Ba na barci sosai. Ina ta tuna cewa matar nan ta haura tamanin, ta riƙe abinta ita kaɗai duk tsawon rayuwarta, ni kuma na fizge shi a gaban baƙi don a tafa mini.

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan mun dawo daga coci, tana yanka burodin kanti sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ko kana nan da guntun itacen da ta cusa maka cikin akwati ranar da za ka tafi Melbourne. Na tuna shi, mai kan zakara a sama, wanda ka taɓa ce mini jikokinka na wasa da shi. Shi ne hatimin, Yaya. Na ce zan sa ka aiko ta gidan waya. Ta ce a'a, ba aike take so ba, mai sunan take so ya kawo da hannunsa. Wai akwai burodi ɗaya da ba ta buga wa hatimi ba, tana so ta kwaɓa shi tun tana da ƙarfin hannu, kai ka danna, mu ci mu uku. Na tambaye ta, cikin tsoro, har da ni? Ta ce to wa zai ɗaga mata buhun fulawa.

Don haka ina roƙonka, don Allah kada ka ce sai bazara, kada ka ce sai bayan ka ga likitan baya. Ni na buɗe ƙofar nan da hauka, amma ta buɗu, kuma ban san tsawon lokacin da za ta bar ta a buɗe ba. Ka karɓi hatimin daga hannun yaran, ka wanke, ka taho. Idan ka kira ta kada ka nuna na gaya maka labarin ƙanenta, ka bari ta faɗa maka da bakinta idan ta ga dama. Na san ko wannan wasiƙar ma wani tonon ne, amma kai ba baƙo ba ne, sunanka ne a ciki. Daga kanka kuma na rufe bakina.

Ka gaishe mini da Rosaria da kyau, ka ce na gode da zanen teburin da ta aiko. Ka gaida ɗanka Damiano da matarsa, da 'yarka Nunzia, da 'yan jikoki masu wasa da kayan tarihi. Gaetano da Ilaria suna gaishe ku. Mama ba ta san ina rubutu ba, amma jiya na ga ta sauko da babban akushin kwaɓi daga saman kabad ta wanke ta kife. Allah ya kawo ka lafiya, ya sa ka same ta da ƙarfinta.

Taka ƙanwa mai dogon baki,
Bruna