Lita Guda, Mai Kauri

Litinin, 7 ga Agusta

Kilo 91. Ba takalmi, ba jaka, har agogo na cire, nas tana ta danne dariya.

Likita ya ce jinina ya dace da na ƙanena Valdeci, ƙodojina biyu lafiya lau, zan iya ba shi ɗaya. Abu ɗaya ya rage: in sauko zuwa 83 kafin 20 ga Nuwamba. In ban sauko ba, ba mai sa mini wuƙa, shi kuma a mayar da sunansa layin masu jiran ƙodar mamaci, layin da ake tsufa a ciki in an yi sa'ar tsufan. Shekara uku ke nan ƙanena yana kwanciya wa injin wankin ƙoda, Litinin, Laraba, Juma'a. Ni na goya yaron nan. Kilo takwas ba za su gagare ni ba.

Sun ba ni ranar ganin malamar abinci. Na cusa takardar a jaka. Shekara talatin ina girki, wai yarinya ce za ta koya mini cin abinci.

Laraba, 9 ga Agusta

Na kori burodi, shinkafa, lemon kwalba, soyayyen kifi. Sukarin gidan kaf na raba wa maƙwabta. Kicin ya koma kamar an yi sata.

Da rana Cleonice, matar Valdeci, ta shigo da roba: lita guda ta asayi, markaɗen 'ya'yan wani irin dabino na yankinmu, mai kauri, irin wanda cokali ke tsayawa a ciki. Shi ya markaɗa a shagonsa kafin ya wuce asibiti. Wai a ce wa Yaya Zuleide 'ya'yan itace ne, ba sukari ba gishiri, daga bishiya sai inji, ta sha ta ƙoshi kada ta faɗi a kan keken ɗinki.

Mutumin da ke sayar da asayi tun yana saurayi, yanzu likita ya hana shi ko lasa, amma cikina yake tunawa. Na barbaɗa garin rogo na shanye ina hawaye kamar wawuya.

Lahadi, 13 ga Agusta

Bayan coci ya zo da kansa. Leda cike da kastanya, manyan ƙwayoyin dajin nan masu kama da gyaɗa, fiya shida, kwalbar man kwakwa. Kastanya in riƙa taunawa duk sanda yunwa ta taso. Fiya a niƙa da madara da safe. Man kuma cokali biyu a kofi, wai narkar da teɓa yake yi.

"Duk matan nan masu gudu a bakin kogi shi suke sha, Yaya. Kin taɓa ganin mai tumbi a cikinsu?"

Ban taɓa gani ba.

Ya rame sosai, da igiya yake ɗaure wando. Na ce ya kawo in rage masa, ya ce in bari, zai ciko.

Juma'a, 18 ga Agusta

Kofi da mai yana yawo a kai kamar ruwan wanke-wanke. Na toshe hanci na kurɓa. Har azahar ina gyatsar kwakwa.

Talata, 22 ga Agusta

Na hau ma'aunin kemis. 92. Na ce wa mai kemis ma'auninsa ya lalace. Ya ce kowa haka yake ce masa.

Na kira Valdeci. Ya ce ruwa ne, jiki yana fara riƙe ruwa kafin ya saki, in ƙara haƙuri. Ya ce kodayake asayin jiya bai yi kauri ba, gobe zai gyara.

Litinin, 28 ga Agusta

Haƙorana sun yi shuɗi, harshena ma. Na sha asayi duk rayuwata ban taɓa lura da yadda yake barin maiƙo a robar ba, sai an sa sabulu sau biyu. Bayan na sha, barci yake danne ni a kan keke, yau har na ɗinke hannun rigar wata amarya a baibai.

Ɓawon kastanya a aljihun siket, a cikin akwatin zare, a ƙarƙashin keke. Yatsuna kullum santsi, sai na goge kafin in taɓa yadin mutane. Kusan mako uku ban ga burodi ba, amma ji nake kamar an soya ni.

Cleonice kullum sai ta ajiye robar a bakin ƙofa ta juya. Ta daina shigowa shan kofi. Ko me na yi mata.

Asabar, 2 ga Satumba

Siket ɗina mai ruwan toka ya ƙi rufuwa. Ni tela ce, na san tef ba ya ƙarya, shi ya sa na ɓoye shi a loka.

Litinin, 11 ga Satumba

Asibiti. 94.

Likita bai yi faɗa ba, gara da ya yi. Ya kalli takarda, ya kalle ni, ya kama hannuna ya kai ni ɗakin malamar abinci da kansa kamar 'yar firamare. Sunanta Marluce, ba ta wuce talatin ba. Ta ce in lissafa mata abin da nake ci a yini. Na lissafa har da alfahari. Ta daina rubutu a tsakiya.

Ta ce asayi abinci ne mai kyau, fiya ma, kastanya ma, ba wanda ya ce guba ne. Amma duk mai ne. Lita mai kauri da gari ta fi farantin shinkafa da kifin da na kora nesa ba kusa ba. Kastanya ɗaya ko biyu ake ci a yini, ni kuwa da tafin hannu nake ɗiba. Man kwakwa kuma, ta ce, "Uwar ɗaki, mai ne fa. Mai kike sha da cokali."

Ta karɓi kastanya ɗaya daga jakata, ta murƙushe ta a kan farar takarda da gindin kofi. Takardar ta jiƙe har ana hango rubutun tebur ta ciki.

Da na dawo gida na soke ɗaya a kan ƙusa na ƙyasta mata ashana, kamar yadda Baba yake yi mana muna yara a tsibiri in kananzir ya ƙare. Ta kama, ta ci kamar kyandir, mai yana ɗiga a siminti. Na tsaya ina kallo har ta cinye. Wata guda kyandir nake taunawa.

Saura mako goma, kilo goma sha ɗaya.

Laraba, 13 ga Satumba

Na tare Cleonice a ƙofa kafin ta gudu. Na ce ta mayar da robar, ta gaya wa mijinta dukkanmu jahilai ne, amma kada ta gaya masa da zafi, kada ya ga laifin kansa.

Ta ajiye robar ta fashe da kuka. Ta zaro wata takarda daga rigarta, a ninke, duk ta yi laushi. A aljihun wandonsa ta tsince ta tun watan jiya da za ta yi wanki.

Rubutun malamar abinci ta wajen wankin ƙoda ne. Ashe ce mata ya yi yana da maƙwabci da ya tashi daga jinya ya rame, me zai ci ya yi ƙiba da wuri. Ita kuwa baiwar Allah ta rubuta masa. Asayi mai kauri da gari. Kastanya. Fiya da madara. Man kwakwa a cikin abin sha. A gefen kowanne akwai alamar biro, irin 'yar ƙugiyar nan da yake yi tun yana aji uku.

"Yaya, ya rantsar da ni. Kullum in na ɗauko robar nan ji nake kamar ƙasa nake kawowa in zuba wa mijina."

Na tuttular da lita guda a kwata. Kwatar ta yi shuɗi har bakin titi.

Alhamis, 14 ga Satumba

Ban ɗinka komai ba. Na tuna yadda na yi hawaye a kan robar farko, na yi tsaki har maƙwabciya ta leƙo.

Juma'a, 15 ga Satumba

Na same shi inda ba zai iya gudu ba, a kan kujerar wankin, allura biyu a hannu. Na ɗora masa takardar a ƙirji. Ya kalle ta, bai ko yi ƙoƙarin ƙarya ba.

Na ce, "Maƙwabcin naka ya gode. Ya ƙara kilo uku."

Ya ce in rage murya, akwai marasa lafiya. Na ce ai shi ne babban marar lafiyar, kuma ba a ƙoda ba. Na kira shi sunayen da ban kira shi ba tun ranar da ya sayar da keken Baba. Tsohon da ke kujerar gefe ya cire abin kunnensa don ya ji da kyau.

Ya bar ni na gama. Abin da na riƙe daga maganarsa:

"Mama da ciwon ƙoda ta tafi. Ni ga ni nan. Ke in aka bar miki ɗaya ta tsaya, wa zai ba ki? Ni?"

Na ce likita ya duba, lafiyata lau.

"Ni ma lafiyata lau har shekara talatin da takwas."

Sai kuma: "Kin bar makaranta don ni. Kin ba ni ɗakinki da na yi aure. Yanzu kuma a tsaga ki a ciro a ba ni. Na ce miki a'a sau nawa? Ba kya jin a'a, Yaya. Abinci kaɗai kike ji."

Wannan ta ƙarshen ta shige ni. Na ce to ya sani, ko ya so ko ya ƙi, ranar 20 zan hau ma'aunin nan, in ya ga dama ya ce wa likita ba ya so da bakinsa, a gaban matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ba ta bayan roba ba. Na fito ban waiwaya ba.

Lahadi, 17 ga Satumba

Dafaffen kifi, kabeji, shinkafa cokali uku. Marluce ta ce in dawo da shinkafar, ashe ba ita ce maƙiyiyata ba. Asayi rabin kofi, mai ruwa, sau biyu a mako. Na ce ta riƙe rabin kofinta. Ko jar tutar shagunan asayi na hango a layi sai yawu ya taru mini a baki, ba na kwaɗayi ba.

Talata, 26 ga Satumba

92. Tafiya da sassafe, daga gida zuwa bakin kogi da dawowa. Na ga matan nan masu gudu. Na tambayi ɗaya ko tana shan man kwakwa, ta kalle ni kamar na tambaye ta ko tana shan fetur.

Bai kira ba. Ban kira ba.

Litinin, 9 ga Oktoba

90 da rabi. Jiya duk garin ya fita bikin Uwargida Maryamu, kowane gida ƙamshin agwagwa. Na ci kabejina. Na hango shi a cikin taro da Cleonice, yana tafe yana hutawa, fuskarsa ta yi kalar toka. Na ɓuya a bayan wata mai lema.

Akwai abin da nake ta kewayewa ban rubuta ba. A nan garin Belém aka haife ni. Da asayi da gari Mama take cika kumatun jarirai, da idona na gani, da hannuna na ɗura wa Valdeci. Ni na ga Baba yana kunna kastanya. Ba yarinya mai farar riga ce ta fara gaya mini ba.

Ranar da ma'aunin kemis ya nuna 92, na yi wa mai kemis masifa, amma da na fito wani abu ya sake ni a ƙirji, har na yi barci mai daɗi. Tsoron wuƙar nan nake ji, tun ranar farko. Shi ya kawo ƙaryar, ni kuwa na sa cokali.

Wannan ya fi man kwakwar tayar mini da zuciya.

Litinin, 23 ga Oktoba

88. Saura biyar, saura mako huɗu. Marluce ta ce da wuya, amma ba ta ce ba zai yiwu ba, kuma in na kusa likita yana iya ɗaga ranar kaɗan.

Da rana aka ƙwanƙwasa. Cleonice, da robar nan dai, mai murfi ja. Na ce wallahi in ta matso da ita zan watsa mata. Ta ce in dai buɗe.

Gurji ne a ciki. An yanka shi ƙato-ƙato, a karkace, yankan mutumin da hannunsa na hagu, mai shan allurar wanki, ba ya riƙe abu da kyau. Ba gishiri, ba komai. A ƙarƙashin robar, a leda, wandonsa guda biyu. Wai in rage masa ɗaya ya riƙa sawa yanzu, ɗayan kuma in bar shi yadda yake, zai buƙace shi bayan aiki.

Na ce ba ni da lokaci, ɗinkin mutane ya yi mini yawa.

Gurjin ba daɗi ko kaɗan, har da ɗaci a gindi. Na cinye. Ban yafe masa ba, kada ya ɗauka. Robar ce dai ba ta buƙaci sabulu ba, na ɗauraye na ba ta, na ce gobe ya yanka ƙanana.

Tsoron yana nan. Na ciro tef daga loka.