Sanyin da Hajiya Ta Ɓoye

Daren Laraba, Madina

Na kasa barci. Sau uku ke nan ina zuwa ƙofar ɗakin Hajiya mahaifiyata in kasa kunne, in ji ko fankar na'urar ɗumama ɗakin na juyawa.

Kwananta huɗu da zuwa Umra daga Kano, a gidana ta sauka. Ashe tun daren farko mukayyif ɗin ɗakinta, wato AC ɗin da ke ba da ɗumi da hunturu, ba ya hura komai. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai da matata ta kai mata shayi da asuba ta tarar ta lulluɓa da darduma a kan bargo, tana tari.

Na ce, "Hajiya, me ya hana ki faɗa?"

Ta ce, "A garin Ma'aiki zan buɗe baki in yi ƙorafin sanyi? Rufa mini asiri."

Na rasa haushin wa nake ji, nata ko nawa. Da na ɓalle murfin mukayyif ɗin na tarar injin da ke juya fankar ya ƙone. Shago uku na zaga kafin in samu irinsa, na ɗaura bayan Isha, har na yanke yatsa. Ɗumi ya fara saukowa, ta sa mini albarka.

Amma tarin bai tsaya ba, kuma ta ce a Harami za ta yi Asuba. Uwata ce, na san halinta. Ko abin da ya fi sanyi ne ke cinta, a garin nan shiru za ta yi.

Bari in sake leƙawa.