Tseren Gashi da Saloma

Zuru, 14 ga Nuwamba, 1976

Zuwa ga 'yata Magdalene,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ya jinya, ya zaman asibitin Zariya? Allah ya ƙara wa jikata Saloma sauƙi. Mu nan lafiya lau, dawa ta nuna, ɗan'uwanki Kefas ya fara yanka.

Takardarki ta iso ranar kasuwa. Ni na karanta da kaina, sau uku, da ɗan karatun da na samu a ajin yamma. Da na kai inda kika ce kumburin muƙamuƙinta ya saɓe, likita kuma ya ce ciwon dajin yana jin magani, sai na tashi na taka rawa a tsakar gida har uwarki ta ce in zauna kada in karye.

Na kuma ga tsinken tsintsiyar da Saloma ta karya daidai tsawon gashinta, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kin tuna lokacin da allura ta zubar mata da gashi, ta lulluɓe kai ta ƙi abinci? Shi ya sa na aske nawa, na aiko mata cewa mu yi tsere, wanda gashinsa ya gaza kafin bikinmu na Uhola na bayan girbi zai ɗaura kallabi ya zaga gari. Yanzu kin ce tana cinye tuwonta don ta kayar da ni, tsohon mijinta na wasa, har matan ɗakin suna taya ta awo kowace safiya. Ga nawa tsinken a ciki, ki nuna mata ta fi ni. Amma kada ki faɗa mata cewa duk mako ina zuwa wurin Jabiru wanzami. Ya ce bai taɓa ganin mai gudu yana ɗaure ƙafarsa ba sai ni.

Kin ce kin gaji, kina so ku dawo saboda girbi. Na san kin sha wuya, 'yata, amma kada ku taso sai an gama allura biyun da suka rage. Gonarki mu za mu girbe. Ki gaya wa amaryata na riga na ari kallabin kakarta, ina koyon ɗauri, kuma ba zan fita da shi ba sai tana tsaye a ƙofar gida tana yi mini dariya.

Uwarki da Kefas da Sila suna gaishe ku. Ki gaida Malama Comfort mai yi mata allura.

Ni ne mahaifinki,
Bawa Dudu